Kawuna ya ce in je Dosso in ga jirgin, ni kuma an kira ni koyon aikinsa

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 27, a Yamai nake zaune. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, kawuna ne ya riƙe ni, ya ɗauki nauyin karatuna har na samu lisansi a fannin sufuri. Yana da manyan motoci shida masu ɗauko kaya daga bakin teku, da can Kwatano, yanzu kuma Lome ta Burkina tun da hanyar Benin ta toshe a 2023. Shekara huɗu ke nan ni ke riƙe masa littafi, ni ke fama da direbobi da takardun duwan. Kuma ƴarsa aka ba ni, har an fara maganar sa rana.

Wani tsohon malamina ya sa na nemi horo na wata tara a wani kamfanin jirgin ƙasa da ke ƙasar maƙwabta, a ɓangaren kasuwanci da tsara tafiyar kaya. Sun ɗauke ni, nan da wata biyu zan fara. Abin da za su riƙa ba ni na ɗaki da abinci ne kawai, kuma ba su yi alkawarin aiki bayan horon ba. Da na faɗa wa Kawu sai ya yi dariya, ya ce in je Dosso in duba dogon da aka shimfiɗa, in na ga jirgi yana tafiya in dawo in ba shi labari. Daga baya dariyar ta ƙare, ya ce ashe sana'ar da za ta kashe tasa zan tafi koyo. Yau kwana goma gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Yarinyar ta ce in yi abin da na ga ya dace, amma na ga idonta.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba: ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba. A makaranta darasi biyu aka yi mana a kansa. Ina tsoron in je in zama abin dariya a gaban waɗanda suka tashi a cikin aikin. Malam, mene ne ainihin sana'ar nan, ta ina ake cin riba a cikinta, kuma tana da gaba ga ɗan Nijar? In tafi ko in zauna?

Wani matashi, Yamai

Wa alaikumus salam, ɗana. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: kawunka Alhaji bai yi ƙarya ba. Dogon da ya aike ka ka gani tsawonsa wajen kilomita 140 ne daga Yamai zuwa Dosso. Kamfanin Bolloré ne ya fara shimfiɗa shi a 2014, aka yi bikin buɗe shi a watan Janairun 2016, kuma tun daga nan bai zama hanyar da ɗan kasuwa zai ɗora buhunsa ya biya kuɗi ba. Wanda ya ga haka da idonsa yana da hujjar dariya. Amma da ni ne kai, da na karɓi aiken nan hannu biyu, domin darasin farko na sana'ar da kake nema yana kwance a bakin layin. An so ya haɗu da tsohon dogon ƙasar Benin na Kwatano zuwa Paraku mai kilomita 438, sai dai tsakanin Paraku da Dosso ba a shimfiɗa komai ba, ga kuma shari'ar da ta taso a Benin kan wanda ke da haƙƙin aikin. Aka wayi gari da layin da bai taɓa teku ba, bai taɓa wata mahaƙa ba. Ka tambayi kanka, kai da ka san lodi: wane ɗan kasuwa ne zai sauke kwantena daga mota a Dosso, ya biya ƙugiya da ƴan dako, ya ɗora a tarago, don ɗan abin da ya rage wanda motar za ta ƙarasa kafin a gama shayi biyu? Jirgin ƙasa da kaya yake rayuwa, masu nauyi, masu yawa, masu tafiya mai nisa, kuma ba na rana ɗaya ba.

Dalilin kuwa yana cikin yadda kuɗi ke fita. Ranar da motar kawunka ba ta da lodi, ana faka ta a gareji. Gazuwal ba ya ƙonewa, taya ba ta cinyewa, kwaltar ma ba shi ya shimfiɗa ba, kuɗin hanya kawai yake biya in ya bi ta. Kamfanin jirgi kuwa hanyarsa a kansa take. Ko jirgi ɗaya ya wuce a mako ko goma a yini, dole a duba ƙarfe, a ƙara tsakuwa, a gyara gada, a biya ma'aikatan tasha, a kwashe yashin da iska ta tara a kan layi. Mafi yawan kuɗin da ake kashewa ba ya raguwa don kaya sun ragu. Amma da zarar layi ya tsaya kuma jirgi zai tashi, ƙarin tarago ɗaya a bayansa abin da yake ci kaɗan ne. Shi ya sa duk lissafinsu yake komawa ga yawa. Za ka ji suna ta ambaton tan-kilomita, kada ya ba ka tsoro: tan ɗaya ne da aka ɗauka kilomita ɗaya. Siminti tan 40 da aka kai kilomita 500, tan-kilomita 20,000 ke nan. Duk yadda wannan adadi ya ƙaru a kan layi guda, kason kowane tan a cikin kuɗin kula da hanya sai ya ragu. Dubi Muritaniya: layi ne mai kilomita 704 a cikin hamada, daga Zuwerat zuwa tashar ruwan Nuwadibu, ba wasu garuruwan kirki a tsakani, amma yana tafiya tun shekarun 1960 saboda tama da yake ja, da jiragen da tsawonsu kan wuce kilomita biyu. Fasinja kuwa, duk da su ake nunawa a talabijin ranar biki, a wurare da yawa kuɗin tikitinsu ba ya biyan aikin, sai gwamnati ta cika. In ka ga kamfani ya fi lallashin buhun taki a kan mutum, kada ka yi mamaki.

Yanzu ga abin da nake so ya kwantar maka da hankali. Ciwon kai biyu mafi girma na ɓangaren da aka ɗauke ka, shekara huɗu kana kwana da su ba ka sani ba. Na farko komawa fanko. Ka san yadda zuciyar Alhaji ke yi in mota ta sauke shinkafa a Yamai ta juya bakin teku ba ko buhu ɗaya. Haka tarago yake. Ƙasarmu ta fi shigo da kaya masu nauyi fiye da fitar da su, don haka duk wanda ya samo wa tarago lodin komawa, ko albasa ko wake ko aya, ko a farashi mai sauƙi ne, ya yi wa kamfani aiki, tunda taragon zai koma ko da kaya ko babu. Abin ba sabo ba ne. A shekarun 1950 Faransawa sun kafa wani tsari da suka kira Hirondelle, inda motocin da suka kawo kaya daga tashar Paraku suke komawa da gyaɗar ƙasar Maradi, don kada a yi tafiya ɗaya a banza kuma kada gyaɗar duka ta bi ta Kano. Sai dai ka lura, albasa da wake kaka gare su, siminti da mai kuwa shekara zagaye ne, kuma jirgi ya fi son abokin cinikin da zai sa hannu a yarjejeniyar shekara ya cika jirgi guda daga wuri ɗaya zuwa wuri ɗaya, fiye da mutum ashirin kowa da taragonsa da tasharsa.

Na biyu shi ne kwanakin zagaye. A nan zan ɗan tsaya, don a nan sababbi ke asara ba su gani ba. Lokacin da nake aikin fito da kaya na sha kwana a Paraku, zamanin da jirgin ke kawo kayan Nijar daga Kwatano. Motoci a jere a wajen tasha, direbobi sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tirela suna dafa shayi, ƴan dako na gudu da buhu daga bakin tarago zuwa bayan mota. Na taɓa ganin tarago cike da shinkafa ya kwana huɗu a gefen layi saboda mai kayan bai turo motoci ba, ya mai da shi sito na kyauta. Shi a ganinsa bai cuci kowa ba. Amma yi lissafi. A ce kamfani na da tarago 100, kuma kowanne yana cin kwana goma kafin a yi masa lodi, ya je, a sauke, ya dawo. Lodi 300 ke nan a wata. In ka rage zagayen ya koma kwana takwas, lodi 375 ne, ba a sayi ko ƙusa ba. Kuma yawancin kwanakin nan ba a kan hanya suke tafiya ba, a tsaye ake cinye su: jiran lodi, jiran takardar duwan, jiran kan jirgi (injin da ke jan taragu), jiran gyara. Saboda haka ake sa wa mai kaya tarar jinkiri in ya riƙe tarago fiye da ƙa'ida. Kai da ka san zafin mota ta kwana uku a bakin iyaka, wannan ba sai an karantar da kai ba.

Sa farashi ma haka. Mai kaya bai damu da abin da ka caje shi daga tasha zuwa tasha ba, shi daga tashar ruwa zuwa ƙofar sitonsa yake lissafi, har da motar farko, da ɗorawa, da saukewa, da motar ƙarshe, da kwanakin da kuɗinsa suka yi a ɗaure, da buhunan da suka fashe. In jimillar ta fi ta mota, ya tafi. Abokan horonka da suka tashi a gidan reluwe wataƙila ba su san nawa direba ke karɓa daga Lome zuwa Yamai ba, balle abin da yake kashewa a hanya. Kai ka sani har da na goro. Wannan ilmi ne da za su so su ji daga bakinka.

Inda ba ka sani ba shi ne tafiyar jirgin kanta, kuma a nan ne sabon da ka yi da mota zai iya yaudararka. Ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare ta, shi ya sa kan jirgi ɗaya ke jan abin da sai motoci masu yawa. Amma wannan santsin shi ke hana shi tsayawa. Jirgin kaya cike yana iya cin kilomita guda ko fiye bayan an taka birki, ba ya kaucewa, ba ya son hawan tudu. Lokacin da direba zai hango hatsari da idonsa, an riga an makara. Don haka aka yanka layi gunduwa-gunduwa, aka kafa doka: jirgi ɗaya a gunduwa ɗaya. Ba mai shiga sai da izini, ko na fitilar sigina, ko na rediyo daga ɗakin masu kula da zirga-zirga, ko na takarda ko sandar da shugaban tasha ke miƙa wa direba a tsofaffin layuka. Yawancin layukan yankinmu kuma guda ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke, ba sa wuce juna sai a tashar da ke da layin kaucewa. Ranarka ta farko ka roƙi a nuna maka zanen tafiyar jirage. Takarda ce mai faɗi, ko allon kwamfuta, awoyi a gefe ɗaya, tashoshi a ɗaya gefen, kowane jirgi zare ne da ya karkata. Duk inda zare biyu suka gicciye, dole a samu wurin kaucewa a nan. In ka zauna da wannan zane na awa biyu za ka gane me ya sa jinkirin rabin awa na jirgi ɗaya ke ɓata yinin jirage huɗu, kuma me ya sa ba za a iya cusa maka jirgi na musamman don Alhaji wane yana sauri ba.

Ka bar «a yi maneji» a tashar mota, ina roƙonka. A mota ana ƙara buhu ashirin a kan ƙa'ida a ce Allah ya kiyaye. A dogo kowane layi da nauyin da aka yarda ƙafafun tarago su ɗora masa, gwargwadon ƙarfin ƙarfe da gadoji, kuma lodin da ya wuce ko ya karkata gefe ɗaya yana iya sauke jirgi daga layi. Mota in ta faɗi, sauran su zagaye ta. Jirgi in ya sauka, hanya ta rufe ga kowa har sai an ɗauke shi. Ba a tashi sai an gwada birki tun daga kai har taragon ƙarshe. Direba yana da awoyin da ba a yarda ya wuce ba. Zafin watan Afrilu yana sa ƙarfe ya miƙe har ya lanƙwashe, ruwan Agusta yana kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin layi, sai a sa dokar rage gudu a wurin, ita kuma ta shiga cikin lissafin kwanakinka. Ga mahaɗar dogo da titi, ga garken shanu. Za su ba ka littafin dokoki mai kauri, ka karanta shi kamar wanda za a yi wa tilawa, domin yawancin dokokin bayan wani hatsari aka rubuta su.

A kowane kamfanin jirgi akwai ƴar tsama tsakanin masu neman kaya da masu tafiyar da jirage. Na farko su yi alkawari, na biyu su ce ba kan jirgi, ba tarago, ba gurbi a zane. Sabon yaro mai son burge abokin ciniki shi ne ke faɗawa tsakani. Kada ka yi wa kowa alkawarin rana sai ka taka da ƙafarka ka tambayi ɗakin kula da zirga-zirga da filin haɗa taragu. Ka nemi a bar ka ka yi ko da mako biyu a filin nan da dare, tare da masu haɗawa da rabawa. Ka gaya musu tun ranar farko, da bakinka, cewa ba ka taɓa shiga jirgi ba. Za su yi dariya yini ɗaya, su koya maka wata tara. Wanda ya ɓoye jahilcinsa shi ake yi wa dariyar da ba ta ƙarewa, kuma a wannan aiki ɓoyewar tana iya cin rai.

Ka tambaye ni ko sana'ar na da gaba ga ɗan Nijar. Abin da ke ƙasa shi ne layin Kano zuwa Maradi, kilomita 284 ta Daura da Katsina da Jibiya, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke yi. Amma ka yi masa tambayar Dosso shi ma: ina zai kai? Faɗin layinsa milimita 1,435 ne, tsohon dogon Legas zuwa Kano 1,067, namu na Dosso da na Benin da na Abijan zuwa Wagadugu mita ɗaya cif. Taragon wannan ba ya hawa wancan. A sabon faɗin an gama Abuja zuwa Kaduna da Legas zuwa Ibadan, amma kafin kwantena ta taso daga teku ta iso Maradi ba a sauke ta ba, sai an cike giɓin da ke tsakani. Kuma ka tuna, layin Abijan tun zamanin Turawa sunansa Abijan–Nijar, ya iso Wagadugu a 1954, har yau bai ga Nijar ba. Don haka kada ka ɗaura aurenka ko abincinka a kan ranar buɗe wani layi. Yana yiwuwa ka dawo da takardarka ka tarar ba jirgin da za ka yi wa aiki a gida na wasu shekaru. Abin da ya sa duk da haka nake ganin tafiyar ta cancanta shi ne, ilmin da za ka ɗebo na tsara zagaye, da sa farashi, da yarjejeniya da manyan masu kaya, yana aiki a kan motoci shida kamar yadda yake aiki a kan tarago ɗari. Wata tara ne, ba hijira ba.

Sai mu dawo ga Alhaji. Ba na jin jirgi ne ya ɓata masa rai. Mutum ne da hanya ta ƙara masa nisa da kashe kuɗi tun 2023, shekaru suna tafiya, kuma yaron da ya raina, ya ba littafinsa, ya ba ƴarsa, ya je ya nemi wani wuri har aka ɗauke shi, sannan ya zo yana ba shi labari. Shawara ya kamata ya ji, sai ya ji sanarwa. A nan ka yi kuskure, ɗana, kuma da wannan za ka fara: ka ba shi haƙuri a kan yadda ka yi, ba a kan abin da kake so ba. Kada ka tunkare shi kai kaɗai da farko. In mahaifiyarka na raye, ƴar'uwarsa ce, ta san ƙofar da ake shigar masa. In ba haka ba, ka nemi amininsa da yake jin nauyi ya share maka fage.

In kun zauna, kada ka yi masa lacca a kan tan-kilomita. Ka zo da amsar tambayar da ke cikinsa wadda girma ya hana shi yi: wa zai riƙe littafi? Kana da wata biyu. Ka zaɓi wanda za ka koya wa, shi ya amince da shi, ka jera masa takardun kowace mota, basussuka da ranakun biya, ka yi alkawarin duba lissafi ta waya kowane mako, ka faɗi watan dawowarka. Maganar cewa jirgi zai kashe sana'arsa kuwa, kada ka ƙaryata shi gaba ɗaya, don akwai gaskiya a ciki: in dogo mai aiki ya haɗa mu da teku, doguwar tafiyar nan ta kayan nauyi za ta ragu. Amma jirgi ba ya zuwa ƙofar kowa. Tun da aka kafa hukumar haɗin gwiwar dogo ta Dahomey da Nijar a 1959, duk abin da jirgi ya sauke a Paraku motoci ne suka ƙarasa da shi, mutane nawa suka yi arziki a wannan tsakanin, shi ya fi ni sani. Ranar da jirgi ya tsaya a Maradi, wani ne zai kai kayan Ƙwanni da Tawa da Agadas, wani ne zai kawo wa tashar albasar Galmi da simintin Malbaza. Ka tambaye shi a hankali: a ranar, ya fi so a ce ɗansa ne ya san yadda ake shiga wannan yarjejeniya, ko ɗan wani?

Yarinyar kuma, «yi abin da ka ga ya dace» ba amincewa ba ce, kunya ce, kuma tana tsakanin ubanta da mijin da za ta aura, wurin da ba daɗi. Ka tambaye ta kai tsaye abin da take tsoro, nisa ne, ko maganar mutane, ko kada ranar ta zama ba rana. Sannan ka kai wa manya zaɓi biyu, su ɗauka: ko a ɗaura aure kafin ka tafi a bar tarewa sai ka dawo, ko a tsayar da wata takamaimai bayan horon, a sanar da dangi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka tafi ka bar maganar a rataye, ko ka ɗauke ta zuwa baƙon gari da kuɗin da kai kaɗai ma da ƙyar zai riƙe ka.

Kafin duk wannan, ka tabbatar da abin da ke hannunka. Ka nemi takardar kamfanin a rubuce, da ranar farawa da ta gamawa, da abin da za su biya, da wanda zai ɗauki nauyinka in ka yi ciwo ko ka ji rauni a filin aiki, da irin shaidar da za su ba ka a ƙarshe. Ka kira su ta lambar ofishinsu, ba ta wanda ya haɗa ka kaɗai ba. In wani ya ce ka turo kuɗin gurbi, ka tsaya nan.

In Alhaji ya sassauta, ko da rabin baki ne, ka tafi. In ya kafe ƙememe bayan ka bi duk hanyoyin nan, ra'ayina kada ka tafi cikin fushinsa, domin uba ne gare ka kuma suruki, kuma kamfanin bai yi maka alkawarin komai ba. Sai ka rubuta musu ka roƙi a ɗaga maka zuwa zango na gaba, ka nemi Alhaji ya yanka maka lokaci da bakinsa a gaban shaida, shekara ɗaya misali, ka yi amfani da ita wajen tsayar da magajinka a littafi. A cikinta ka gyara Turancin Ingilishinka, don duk wanda zai yi aiki a layin Kano da Maradi zai buƙace shi tare da Faransanci da Hausar da kake da su. Ka kuma bincika kwasa-kwasan cibiyar fasahar sufuri ta Zariya da jami'ar sufuri ta Daura, Daura ma ba ta da nisa da iyaka.

Wannan Juma'ar, bayan an sauko daga masallaci, ka same shi ka ce za ka je Dosso kamar yadda ya umarta, kana roƙon ya raka ka don shi ya san hanyar tun kafin a haife ka. In ya yarda, ka bar shi ya yi maganarsa tun daga fitar Yamai, kai dai ka riƙa tambaya: nawa ake ɗaukar tan daga Paraku a zamaninsa, wa ke raba lodi, kwana nawa mota ke jira a bakin tasha. Maganar wata taran ka ajiye ta sai a hanyar dawowa.